Gwaggo a Daminar da Ake Tsoron Baƙo

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Alhamis da ta wuce, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Gwaggo a ɗakinta, a gidanmu da ke Gwale. Kafin magariba an kai ta makwancinta. Gwaggona ce, yayar mahaifina, kuma surukata ce, domin ɗanta na fari nake aure. A hannunta na yi zaman aure tun ina amarya har na aurar da 'yata.

Washegari matan ƙauyenmu suka iso da ƙoren nono da man shanu a kai, kamar yadda suka saba. Sai da suka sauke a bakin ɗakinta suka tuna cewa mai ɗanɗanawa ta ce an surka da ruwa ba ta nan. A nan kukansu ya ɓalle. Mai injin niƙa na bakin layinmu ya kashe injinsa ya zo ya zauna a zaure, ya ce wa maigidana, "Wallahi ba ta taɓa karɓar gari a hannuna ba sai ta murza a yatsa ta ce in sake. Yanzu wa zai ce in sake?" Maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda suka yi shekara da shekaru suna tafka rigima, ita ta fi kowa kuka, har mata suka ce ta bari haka, addu'a mamaci ke buƙata. Mahaifina kuwa bai yi hawaye ba. Ya zauna a kan buzu da carbi, duk wanda ya ce masa ya haƙuri sai ya amsa a hankali. Da na kai masa ruwa ya ce mini, "Tun jiya nake jira a yi mini tsawa, shiru."

Jikokinta ƙanana ba su san ta ba sai a matsayin tsohuwa mai zama a kan tabarma tana raba alawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da idona ya gani, kafin a gama sadakar bakwai kowa ya kama gabansa.

A ruga aka haife ta, aure ya shigo da ita cikin badala, amma har ta koma ga Allah ba ta zama 'yar birni ba. Gidanmu shi ake kira gidan awaki a unguwar. Tana da turke a bayan ɗaki, tana da kaji, kuma da safe sai ta gaisa da dabbobinta da Fillanci kafin ta amsa gaisuwarmu. Idan damina ta faɗi, ba ta zama. Ta leƙa gabas ta ce, "Ku kwashe shanya, hadari ba ya sallama." Mu ce ai rana ake, Gwaggo. Kafin mu rufe baki iska ta taso.

Tana da kunyar ɗan fari irin ta mutanenmu na da. Ba ta taɓa kiran sunan maigidana ba, ba ta kuma kallon fuskarsa idan tana magana. Yana tsaye a gabanta za ta juyo gare ni ta ce, "Ke, gaya wa mutumin ɗakinki katangar turke tana son yaɓe." Ni kuma in juya in gaya masa, shi ma ya amsa mini kamar bai ji ba.

Rigimarta da maƙwabciya a kan indararo ta samo asali. Sun gyara soronsu suka karkato da indararon, ruwa yana zuba a jikin katangarmu ta ƙasa. Gwaggo ta aika sau da yawa, ba a gyara ba. Ranar da aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ta tara baho a ƙarƙashinsa, da ya cika ta ɗora a kai, ta zaga ta ƙofar gidansu, ta yi sallama, ta juye a tsakar gidan. Ta ce, "Ga ruwanku, ya yi ɓatan kai." An gyara indararon a makon, amma gaisuwa ba ta gyaru ba.

Goman ƙarshe na azumi ita ce lokacin da ta fi kowa aiki. A kai ɗinki wajen tela, a koma a tsaya masa a kai, a kai niƙan shinkafar tuwon sallah, a daka lalle, a nemo itace a ɓoye shi daga ruwa. Babban aikin shi ne zuwa ƙauye. Duk shekara takan kai wa 'yan'uwa kayan sallah, ta dawo da geron zakkar kono daga rumbun Baffa, ƙaninsu ita da mahaifina, wanda ya zauna a gida yana noma da kiwo. Ba ta yarda da geron kasuwa a wannan aikin ba. Takan ce, "Abin da za ka ba Allah, ka san gonar da ya fito."

Sai shekarun nan suka zo da bom ya shigo Kano. Wanda ya zauna a garin a lokacin ba ya buƙatar bayani. Buhunan yashi a kan tituna, shingen bincike a kowace kwana, mai babur ya sauka ya tura, daga baya ma aka hana acaɓa. Idan tayar mota ta fashe sai kasuwa ta watse. A masallatai ana sanarwa cewa kada wanda ya saukar da baƙon da bai sani ba. A azumin da nake magana a kai kuwa, labari ya fara yawo cewa har mata ake ɗaura wa abin a ƙarƙashin hijabi. Ga marka, ruwa kullum, safe da yamma, lungunan unguwa sun zama laka, kududdufi ya cika har yana shiga gidaje.

Maigidana ya same ta bayan sallar asuba ya durƙusa. Ya ce, "Inna, bana a haƙura da ƙauye. Hanya ba kyau, ga bincike, ga ruwa. Zan sayo gero a nan."

Ta juyo gare ni. "Gaya masa wanda ya tsare ni a ɗaki shi zai tsare ni a hanya."

Da ya ga ba za ta tanƙwaru ba, ya ce in bi ta. Muka hau mota a wajen Ƙofar Na'isa da ƙunshin atamfofi a cikin leda. Zuwa bai ba mu wahala ba sai sauka da hawa a shingaye. A ƙauye kuwa kamar wata duniya. Gero ya kai ƙirjin mutum, ko'ina shar, shanu sun yi ƙiba, ba wanda ke waige idan ya ji ƙara. Baffa ya hau rumbu ya sauko da dammunan bara, mata suka sussuka a ƙarƙashin rumfa saboda yayyafi, Gwaggo tana tsaye a kansu tana cewa ba a sheƙe da kyau ba. Muka kwana.

Da safe ruwa ya sake saukowa. Rafin da ke tsakanin ƙauyen da titi ya kawo, sai da muka jira ya ɗan ja, muka tattare zani muka tsallaka, amalanken shanu yana biye da buhun gero da kwandon zabbi. A bakin titi akwai wata rumfar kwano da ake jiran mota. Abin da na fara lura da shi shi ne, duk mutane suna tsaye a cikin ruwa, nesa da rumfar. A ciki mace ɗaya ce zaune a ƙasa, da dogon hijabi ya jiƙe sharkaf, wata yarinya ƙarama tana maƙale da ita. Hannayen matar duka biyu suna cikin hijabin, tana rungume da wani abu a ƙirji.

Mai facin taya na wurin ya tare mu. Ya ce, "Iya, kada ki matsa. Wata mota ce ta sauke ta, fasinja suka ce ba za su tafi da ita ba. An tambaye ta, Hausar ma ba ta fita. Dubi hannunta. Tun ɗazu ba ta fito da shi ba."

Wani yana ta latsa waya yana cewa a kira jami'an tsaro. Wani matashi ya ɗauki dutse yana juyawa a hannu. Gwaggo ta tsaya tana kallon matar. Na riƙe gefen mayafinta na ce, "Gwaggo, don Allah." Ta fizge.

Ta taka cikin laka, a hankali, da ƙafarta mai ciwo. Mutane suka ƙara ja da baya, wasu suka tsallaka titi. Na ji ta yi sallama. Na ga ta tsuguna gaban matar. Da ta miƙa hannu ta kama bakin hijabin, na rufe ido ina kalmar shahada.

Abin da na ji kuka ne, siriri, kamar na ɗan kyanwa.

Gwaggo ta miƙe da jariri a hannu ta juyo ga jama'a. "To ku matso ku ga bom ɗin naku. Ko cibiyarsa ba ta faɗi ba."

Ba wanda ya matso. Matashin ya saki dutsen a gefen ƙafarsa.

Da guntuwar Hausarta matar ta ba mu labari. Daga Barno ta fito. An shiga garinsu, mijinta ya fita bai dawo ba, ta gudo da tsohon ciki, ta haihu a hanya a gidan wasu bayin Allah. Mijin yana da ɗan'uwa a Kano mai sayar da busasshen kifi, amma ba ta san unguwar ba. Jaririn ya yi sanyi ƙalau. Gwaggo ta cire mayafinta ta naɗe shi, ta buɗe ƙwaryar nonon da Baffa ya ba mu ta tura wa matar. Matar ta dubi mutane tana jin kunyar sha da rana. Gwaggo ta ce, "Sha. Ba azumi a kan mai jego."

Motar farko da ta tsaya, direban ya ji labari ya ce buhu zai ɗauka, zabbi zai ɗauka, amma ban da waccan. Gwaggo ta ce in ba ta shiga ba ita ma ba ta shiga. Ya ce, "Sai ki zauna, Iya," ya ja motarsa. Ta biyun ta yarda bisa sharaɗin matar ta cire hijabin. Na ba ta gyalena na ajiya. Har muka iso bakin gari ba wanda ya yi magana a motar, sai wani dattijo da ke ta jan hasbunallahu.

A shingen ƙarshe aka ce kowa ya sauka ya ɗaga hannu ya wuce a ƙasa. Na raɗa wa Gwaggo cewa in an tambaya ta ce 'yarta ce. Ta ce, "Da azumi a bakina?"

Wani soja ya daka mata tsawa. "Mama, ɗaga hannu!"

"In ɗaga in yar da shi?"

Ya gyara riƙon bindigarsa. "Mene ne a hannunki?"

Ta buɗe mayafin, ruwa yana sauka a fuskar jaririn. Sojan ya juya ga uwar ya tambaye ta daga ina. Kalma ɗaya ta fito daga bakinta, kuma da jin harshen ya gane. Ya ja da baya ya ɗaga bindigar sosai, ya kira na gaba da shi. Sauran fasinjojin suka dare suka bar mu mu huɗu da jaririn a tsakiyar titi. Yarinyar ta saki fitsari a tsaye. 

Babban nasu ya zo ya ce, "Wace ce wannan a wurinki?"

Gwaggo ta ce, "Baƙuwata ce. Daga Barno ta gudo. A bakin titi na same ta, gidana za ta."

"Kin san ta?"

"Tun hantsi."

Aka sa ni na laluba jikin matar a gabansu. Aka zazzage ƙunshinta a ƙasa, tsummokara ne da kofi ɗaya. Aka soka ƙarfe a buhunmu, gero yana tsiyaya cikin taɓo, Gwaggo tana kallonsa. Mutumin ya daɗe yana duban jaririn. Sannan ya ce, "Mama, in wani abu ya faru, ke za mu nema."

Ta ce, "A Gwale nake. Ka tambayi gidan awaki."

Mun shiga gida ana dab da shan ruwa. Kafin mu sauke kaya labari ya riga ya zaga unguwa. Maza suka fara taruwa a zaure. Maƙwabciya ta ɗaga murya ta bayan katanga tana cewa za a jawo musu abin da ya fi ƙarfinsu, su suna da 'ya'ya. Ba ƙarya ta yi ba. Mun ji labarin gidajen da aka zo aka kwashe mazansu saboda baƙon da suka saukar, wasu har yau ba a gan su ba.

Ban taɓa jin maigidana ya ɗaga murya a gaban mahaifiyarsa ba sai ranar. Ya ce, "Inna, an yi sanarwa a masallaci! Ni za a kama, ni da yaran nan. Wa ya san mijinta? Wa ya san wa ke biye da ita? Ki bari in kai ta ofishin 'yan sanda yanzu, su san yadda za su yi da ita."

Na jira ta juyo gare ni kamar kullum. Ba ta juyo ba. Ta taka har gabansa, ta ɗago kai ta dube shi a ido, abin da ban taɓa gani ba, ta ɗora masa jaririn a hannu.

Ta ce, "Ba a yi masa huɗuba ba. Ubansa ba ya nan."

Ya tsaya da yaron a hannu kamar an dasa shi. Maza suna jiransa a zaure, ruwa yana ɗiga daga indararo, uwar tana rakuɓe a jikin turke. Can ya sunkuyar da kai ya kai bakinsa kunnen dama ya yi kiran sallah a hankali, ya koma na hagu ya yi iƙama. Ya miƙa mini yaron, ya fita zaure. Na ji yana ce musu gobe da safe shi da kansa zai kai maganar gaban mai unguwa, kuma duk abin da ya biyo baya a wuyansa.

Da safe suka tafi cikin yayyafi, shi a gaba, Gwaggo da baƙuwar a baya. Mai unguwa ya yi tambayoyinsa, ya ce ta zauna har a nemo ɗan'uwan mijin, amma kada ta fita ko ƙofar gida. Hakan bai kwantar da hankalin unguwa ba. Kwanukan buɗa-baki da ake musaya tsakanin gidaje suka daina shigowa namu. Aka hana yara zuwa. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai maigidana ya miƙe tsaye. Gwaggo kuwa ta ci gaba da hidimarta kamar ba abin da ya faru. Ta dafa wa mai jego ruwan wanka da ganyen darbejiya, ta dama mata kunun kanwa, ta aike ni wajen tela da atamfarta ta sallah a rage wa baƙuwar, ta kuma yi faɗa da ni a kan na bar itace ya jiƙe. Ranar jajibere ta auna zakkar kono daga abin da ya rage a buhun, ta fara da baƙuwarta.

Sallar waccan shekarar ba ta yi daɗi ba. An je idi a tsorace, an dawo da sauri, kuma a kwanakin an ji ƙarar fashewa a cikin gari. Duk lokacin da aka ji, sai in ga idanun masu wucewa a kan ƙofarmu. A cikin wannan hali Gwaggo ta ce za a yi suna. Ta sa aka kama tunkiyarta, wadda ta fi so a turken, aka yanka, aka raɗa wa yaron sunan ubansa. Maza kaɗan ne suka zo. Ta raba naman gida gida, har gidajen da suka ɗauke mana ƙafa. Maƙwabciya ta dawo da kwanon ko buɗewa ba ta yi ba. Gwaggo ta ce a mayar, a gaya mata ba naman Gwaggo ba ne, na maraya ne. Karo na biyu kwanon bai dawo ba.

Baƙuwar ta zauna da mu har bayan babbar sallah. Maigidana ya yi ta bin rumfunan masu kifi, kasuwa bayan kasuwa, har Allah ya haɗa shi da wanda ya san ɗan'uwan. Ya zo ya tafi da su wani gari da danginsu suka taru. Ranar tafiyar, matar ta durƙusa ta riƙe ƙafar Gwaggo tana magana da harshensu, ba mu ji ko kalma ba. Gwaggo ta ce, "Tashi, mota ba ta jira. Ki riƙa rufe masa kai." Ta raka su iyakar zaure, ta dawo ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba. Lambar wayar da suka bari ta yi aiki na ɗan lokaci, daga baya ta daina shiga.

Ban sani ba ko labarin rasuwar ya kai inda suke. Idan Allah ya sa wani ya karanta wannan ya gane matar da nake nufi, ya taimaka ya gaya mata Gwaggo ta rasu, cikin sauƙi, da kalmar shahada a bakinta. Yaron yanzu ya isa yin azumi. A gaya masa akwai wata tsohuwa da aka ce ta ɗaga hannu a gaban bindiga ta ƙi, saboda shi ne a hannun. Ya sa ta a addu'a idan ya zo shan ruwa.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Ta isa gidan da ba ta san kowa ba, Allah ya karɓi baƙuncinta.